Kafin ya shiga aji ɗaya: shekarun da talauci ke cin yaron Zamfara

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙofar aji ɗaya na firamaren gwamnati a makon farko na komawa makaranta, a Gusau ne ko Ƙaura Namoda ko Gummi, ya ga abin da zan faɗa. Yara ne sa'o'in juna, iyayensu sun ce shekararsu shida ko bakwai, amma in an jera su sai ka rantse wasu sun ba wasu shekara biyu. Wani ya iya riƙe fensir, malam na tambaya yana ɗaga hannu. Wani kuwa yana can lungu a rakuɓe, ido a ƙasa, in an ce ya faɗi sunan mahaifinsa sai an matsa kusa kafin a ji muryarsa. Kafin zango ya ƙare an yanke hukunci: wannan mai ƙwaƙwalwa ne, wancan daƙiƙi. Hukuncin nan yana ƙona mini rai, domin abin da malamin ke gani an gama shirya shi tun kafin yaron ya san hanyar makaranta. Abin da uwarsa ta ci tana ɗauke da cikinsa yana ciki, da irin kunun da aka ba shi bayan yaye, da yawan zazzaɓi da gudawar da ya yi, da ko akwai wanda ya samu sukunin zama ya yi hira da shi.

A watan Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya auna talauci ta fuskoki da dama, wato ta duba lafiya da ilimi da muhalli da aikin yi da tsaro, maimakon ta tsaya kan kuɗin da ke aljihu. Ta samu mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, a cikin wannan hali, kuma fiye da rabinsu yara ne. A Zamfara adadin ya kai kashi 78. Abin da ya fi jan hankalina a rahoton shi ne ma'aunin da aka ware wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A ciki an tambayi ko an yi wa yaro riga-kafi da ko ya sha nono zalla, sannan an tambayi ko wani babba a gidan yana yi masa tatsuniya, yana rera masa waƙa, yana wasa da shi, yana koya masa ƙirga da sunayen abubuwa. An kuma tambayi ko ana barin sa shi kaɗai, ko a hannun wani yaron da bai kai shekara goma ba. Ashe ita kanta gwamnati ta amince cewa rashin mai yi wa yaro magana ɗaya ne daga alamomin talauci, ko da cikinsa a cike yake.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana yin mafi yawan girmanta ne kafin shekara biyar, kuma kwana dubu na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu, su ne suka fi kowane lokaci muhimmanci. Yaron da ya rasa abinci mai gina jiki a wannan tsakani yakan tsumbure, tsayinsa ya gaza na shekarunsa, kuma da wuya a maido masa abin da ya rasa ko da daga baya wadata ta zo gidan. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya samu kashi 37 na yaran Nijeriya a tsumbure. A Zamfara kimanin rabin yara ne, a Kebbi maƙwabciyarmu kuwa kashi 66, mafi yawa a ƙasar baki ɗaya. Wannan kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ke nan, kafin hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 a tsakiyar 2024. A wannan shekarar ta 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna damtsen yara a Shinkafi da Zurmi, ta samu ɗaya cikin huɗu na fama da tamuwa. Jihar da take alfahari da noma ke nan.

Mu a nan mun ga da idonmu yadda abin da ya shiga jikin ƙaramin yaro ke bin sa har girma. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma. Talauci ne ya sa ake kawo duwatsun zinariya cikin gida ana daka ana niƙa a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Aƙalla yara 400 suka rasu. Waɗanda suka rayu da gubar a jininsu, da yawansu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, kuma yau samari ne da 'yan mata. Idan wani cikinsu ya kasa karatu, wa zai tuna ya ce ba laifinsa ba ne?

To, me doka ta tanada? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, ta kuma ware kashi 2 na kuɗin asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, wadda ke ba jihohi tallafi in sun ajiye daidai abin da za a ba su. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta ƙara da cewa kowane yaro ya yi shekara ɗaya a ajin share fage kafin aji ɗaya, wanda mu muke kira rabin aji, malami ɗaya ga yara 25, a koyar da harshen da yaron ya tashi da shi, ta hanyar wasa. A takarda babu abin kushewa. Amma a tsarin rabon da UBEC ta daɗe tana bi, kashi 5 kacal ake ware wa wannan mataki, firamare ta ɗauki 60, ƙaramar sakandare 35. Shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta fara a 2016, naira 70 a kan kowane yaro kafin a mai da shi 100, shi ma 'yan aji ɗaya zuwa uku aka nufa. Ƙanin da ya fi kowa buƙatar abincin an bar shi a baya. Shi ya sa rabin aji a yawancin makarantunmu ya zama wurin ajiye yara: ɗaki ɗaya ko gindin bishiya, yara fiye da ƙima, da malamar da aka tura can don an ga ba za ta iya manyan azuzuwa ba. A faɗin ƙasar ma, yaran da ke tsakanin shekara uku da biyar da ke zuwa irin wannan aji ba su kai huɗu cikin goma ba, kuma mafi yawansu 'ya'yan masu hali ne na birni.

Na taɓa kawo wannan magana a gaban gwaggona. Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, yaron da jiya-jiya aka yaye shi, me zai karanta? Ku bar shi ya yi ƙwari mana." Na ce, "Gwaggo, ke da kika riƙa yi mana gizo da ƙoƙi da daddare, kina sa mu ƙirga 'ya'yan carafke, ai karatun ke nan." Ta yi shiru, can ta ce, "Yanzu wa ke da wannan natsuwar?" Tambayarta ta fi amsata nauyi. Tana da gaskiya ta wata fuskar ma, domin abin da wasu makarantun kuɗi ke yi wa ɗan shekara uku, a tsugunar da shi awa biyar yana haddar Turancin da bai san ma'anarsa ba, a haɗo shi da aikin gida, zalunci ne da aka sa wa rigar wayewa. Abin da ƙaramin yaro ke buƙata ya fi kusa da abin da gwaggo ta yi mana: tatsuniya, kacici-kacici, waƙar gaɗa, 'yar tsana, gina ɗaki da laka, a tambaye shi a saurari amsarsa. Matsalar ita ce talauci da fargaba sun ƙwace wannan daga hannun iyaye mata. Matar da ta tashi tun asuba tana surfe, tana suyar awara don 'yarta ta fita talla, tana lissafin abin da za a ɗora da dare, ba ta da sauran numfashin cewa "ga ta nan ga ta nanku".

Akwai wani bincike da ya dace a san shi. A tsakanin 1986 da 1987, a Kingston babban birnin Jamaika, likita Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu daga cikinsu ma'aikaciyar lafiya ta unguwa takan ziyarce su sau ɗaya a mako har shekara biyu, ta zauna awa guda tana nuna wa uwar yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka bi sawun yaran, aka tarar waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kimanin kashi 25. Ba a gina aji ba, ba a sayi kwamfuta ba. Mace ce ta shiga gidan mace.

Amma ba sai mun je Jamaika ba. Hujjar da ta fi ƙarfi tana nan Anka da Tsafe. Daga 2013 zuwa 2019, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, sun gudanar da wani shiri a waɗannan ƙananan hukumomi biyu da wasu uku a Jigawa. Mace in ta samu ciki sai a riƙa ba ta naira 3,500 duk wata, daga baya aka mai da shi 4,000, har ɗanta ya cika shekara biyu. Kuɗin a hannunta ake sa shi, ba tare da sharaɗi ba. Tare da shi akwai wayar da kai: masu aikin sa-kai na garin, taron mata, gwajin girki, rediyo, har da huɗubar Juma'a, ana bayani kan shayar da nono zalla wata shida da irin abincin da ya kamata a ƙara bayan nan. Mata fiye da dubu 90 suka amfana. Da yake an raba ƙauyukan ta hanyar ƙuri'a, wasu suka fara samu wasu suka jira, masu bincike sun iya kwatanta su, kuma sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna tsumburewa ta ragu da kimanin kashi 8 bayan shekara huɗu.

Wani zai ce kashi 8 ba yawa. Ni abin da ya fi burge ni shi ne inda kuɗin ya tafi. Kafin a fara, irin maganganun da aka saba ji an ji su: za su kashe a biki, maza za su karɓe, za a koya musu zaman jiran sadaka. Binciken ya samu akasin haka. Matan sun ƙara shiga sana'a, sun sayi awaki da tumaki, yara suka samu nono da abinci mai gina jiki, kuma gidajen suka ci gaba da samun ƙarin kuɗin shiga bayan an daina biya. Duk wanda ya san matan karkararmu bai kamata ya yi mamaki ba. Macen da ta iya riƙe adashi shekara da shekaru ba tare da takarda ba, ta san abin da za ta yi da dubu huɗu in ta tabbata wata mai zuwa ma za ta zo. Tabbacin nan shi ne sirrin. Rabon shinkafar da ake yi sau ɗaya a gaban kyamara ba ya ba kowa damar yin lissafin gobe. Abin takaicin shi ne biyan kuɗin ya ƙare da ƙarewar tallafin waje, kamar yadda irin waɗannan shirye-shirye suka saba.

Haka aka yi da shirin RANA, wanda UNICEF ta tallafa wa a Katsina da Zamfara daga 2015, inda aka koyar da karatu da lissafi da Hausa a ƙananan azuzuwan firamare da wasu makarantun Islamiyya. A ƙarƙashin babban shirin ilimin 'ya'ya mata na wancan lokaci an ƙarfafa kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye mata a garuruwa da dama. Mutanen da aka horar suna nan da ransu, littattafan ma an riga an rubuta.

Ga kuma abin da masu zuwa daga Abuja kan manta: babu unguwar da ba ta da makarantar ƙananan yara a Zamfara. Makarantar allo ce. Yaro ɗan shekara huɗu yana bin yayyensa, ya fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, iyaye su ba da kuɗin Laraba gwargwadon hali. Ba a taɓa yin gangamin roƙon iyaye su kai 'ya'yansu can ba, domin sun yarda da ita. Ina maganar makarantar unguwa ce, wadda yaro ke zuwa ya dawo ya kwana a ɗakin uwarsa. Ɗora wa ɗan shekara biyar ko shida allo da ƙoƙo a tura shi wani gari magana ce daban, kuma sau da yawa yunwar gida ce ke kore shi, a fake da neman ilimi. Idan aka samu malamin unguwa ko matarsa aka ƙara musu horo kaɗan, aka kawo kofin kunun gero da waken suya da gyaɗa da hantsi, aka sa ma'aikaciyar lafiya ta riƙa leƙowa duk wata da abin awon damtse da katin riga-kafi, an samu cibiyar yara ba tare da an aza tubali ɗaya ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis, mata dattijai da ke zuwa su karɓi karatu su koma ƙauyukansu su koyar da mata a cikin gidajensu.

Akwai wata riba da ba a cika lissafawa ba. Idan ka ga yarinya 'yar shekara takwas da goyo a bayanta da safiyar Litinin, yara biyu ne aka yi asara a lokaci guda: ita ba ta je makaranta ba, shi kuma ƙanen yana hannun wadda ita ma reno take buƙata. Wurin da uwa za ta ajiye ƙaramin na awa uku ko huɗu cikin aminci yana kwance wa yayar goyo ta tafi aji.

Duk wannan ana yin sa ne a ƙarƙashin inuwar bindiga, kuma ba zan yi kamar ban sani ba. Tun da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ranar 26 ga Fabrairun 2021, uba da ya ce ba zai bar ɗansa ya yi nisa da gida ba bai yi abin zargi ba. Akwai garuruwan da manomi ba ya shiga gonarsa sai ya biya 'yan bindiga, akwai waɗanda aka tashe su gaba ɗaya, mutanensu na zaune a kangaye da makarantu a Gusau da Anka da sauran manyan garuruwa. Yaron da aka gudu da shi cikin dare, ya ji harbi, ya ga an tafi da mahaifinsa, yakan daina magana, ya koma fitsarin kwance, ya riƙa firgita cikin barci. Babu kunun da zai warkar da wannan shi kaɗai. Yana buƙatar wuri ɗaya da ya san in ya je kullum zai tarar da fuska ɗaya, waƙa ɗaya, abokan wasa ɗaya. A ganina rashin tsaron ma hujja ce ta ƙananan cibiyoyi a cikin unguwa, a zauren mai unguwa ko tsakar gidan wata dattijuwa, maimakon babban gini a bayan gari da ba wanda zai yarda ya tura ɗan shekara huɗu.

Sai dai ina tsoron kalmar "al'umma" a bakin jami'in gwamnati. Sau da yawa ma'anarta ita ce ku ji da kanku. Gari na iya ba da wuri, ya ba da tabarmi, a tara damin gero da kaka, attajiran garin da ke Legas da Abuja su aiko da nasu, Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ta sa marayu da 'ya'yan 'yan gudun hijira a gaba. Amma a garin da mutum takwas cikin goma matalauta ne, ba za a ce su riƙe albashin malama da aljihunsu ba. Mai aikin sa-kai ma tana da tukunyar da za ta ɗora. In ba a biya ta ba, wata shida ya yi yawa za ta koma sana'arta, kuma ba ta yi laifi ba. Ilimin firamare da kiwon lafiya matakin farko suna cikin ayyukan da tsarin mulki ya sa ƙananan hukumomi su yi tare da jiha, kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, shugabannin ƙananan hukumomi 14 na jihar nan suna da tambayar da za su amsa.

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Nuwamban 2023, kuma gyaran gine-ginen makarantu abu ne da ake buƙata. Amma gini shi ne abin da ya fi sauƙin nunawa, ɗan shekara uku kuwa ba ya jefa ƙuri'a, ribar abin da aka kashe masa ba za ta fito ba sai bayan zangon mulki uku ko huɗu. Shi ya sa nake son duk mai bibiyar kasafin kuɗin jiha, ɗan jarida ne ko ɗan majalisa ko shugaban kwamitin makaranta, ya nemi layi biyu: nawa aka ware wa rabin aji da albashin masu koyarwa a cikinsa, nawa aka ware wa mai ciki da mai shayarwa. Masu aikin ba nesa suke ba. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, wadda mata zalla take horarwa, da Kwalejin Ilimi ta Maru suna yaye ɗalibai kowace shekara, da yawansu suna zaune a gida da takardunsu a cikin akwati. Idan kowace mazaɓa ta ɗauki biyu ko uku daga 'ya'yanta, aka biya su a kan lokaci, aka ce aikinsu shi ne rabin aji da safe da shiga gidajen masu jego da yamma, yaran da ake goye da su yau za su shiga aji ɗaya nan da shekara biyar sun san muryar malama, sun taɓa riƙe littafi.